Turke na Huɗu

Momme Ketelsen bai taɓa haƙa rijiya ba, amma shekara talatin da ɗaya shi ne mai kula da rijiyar tudunsu a tsibirin Hooge. Can duk inda ka haƙa, zartsi za ka tarar. Ruwan sha daga sama kaɗai yake zuwa: ya sauka kan jinka, ya bi indararo, ya gangara cikin ramin bulo da kakanni suka gina a tsakiyar gidaje ukun da ke kan tudun. Dabbobi kuma suna da tafkinsu a gefe.

Yana saurayi ya yi aikin jirgin ruwa, ya dawo da ɗingishi da wata magana da ba ya gajiya da faɗi. Wai ya ga yadda rana ke ɗaga teku sama kamar tururin tukunya, ta bar gishirin a ƙasa. "Ruwan ɗaya ne," in ji shi. "In ya biyo ta sama, rahama ce. In ya biyo ta ƙofa, sai addu'a."

Duk ranar da teku za ta hau kan tsibirin, shi ke toshe indararo, ya ɗora murfin katako, ya liƙe gefensa da yumɓu. Turakun shinge bakwai ne daga gindin tudu zuwa tsakar gida, kuma mahaifinsa ya koya masa cewa da na huɗu ya nitse, a rufe.

A shekarar da ake ba da labarinta, an yi fari tun watan Mayu. Guga ya koma fitowa rabi, da laka a gindi. Matarsa Naemi da ruwan dafa dankali take wanke kwanoni. Sai wata Talata a Oktoba, da hantsi, iska ta juya arewa maso yamma, ruwan sama da teku suka taso tare.

Momme ya durƙusa a bakin rijiyar yana sauraron ruwa na zuba ciki. Wata biyar bai ji wannan ƙarar ba. Maƙwabcinsa Tade ya turo baro cike da yumɓu, ya tsaya a kansa.

"Na huɗu ya tafi, Momme. Rufe mana."

"Saura kaɗan."

"Kaɗan ɗin nan ne ya cinye ƙafarka a jirgi."

Naemi ta fito, ta lulluɓe kai da buhu. Ta dubi shingen, ta dubi mijinta.

"Babanka a na huɗu yake rufewa."

"Babana bai ga fari irin wannan ba. Ki bar ni in tara mana na hunturu."

Filin kiwo ya riga ya ɓace, babu abin da ake gani sai ruwa mai launin toka da tudun coci can nesa. Turke na biyar ya nitse, ya ɓullo, ya sake nitsewa. Idon Momme na kan na shida. Lissafinsa daidai ne, teku ba za ta kai bakin rijiya ba sai ta wuce na bakwai.

Wata igiyar ruwa ta daki gefen tudu, iska ta kwashi feshinta ta watsa musu a fuska. Momme ya lashi leɓensa. Ya ɗaga kai ya ga feshin yana tsallake su, yana sauka kan jinka. Ya tara tafin hannu a bakin indararo, ya kurɓa. Ya ji gishiri.

"Tade, yumɓu. Maza."

"Yanzu kuma?"

"Ta sama tekun take shigowa."

Ya cusa tsumma a indararon. Su uku suka ja murfin, suka bi gefensa da yumɓu suna dannawa da gwiwa. Ba su gama ba sai da ruwa ya taɓa idon sawunsu. Suka haura ɗakin sama inda ake ajiye ciyawa. Naemi tana karanta zabura a hankali, Momme kuwa tambaya ɗaya ke cin sa: tun yaushe gishirin ke zuba yana kallon turaku?

Washegari teku ta janye. Tafkin dabbobi ya lalace, tumaki suka shinshina suka juya. Mutanen gidajen uku suka kewaye rijiyar. Momme ya ɓamɓare yumɓun, ya zura guga, ya fito da shi cike taf. Ya kasa sha. Ya miƙa wa Naemi kofin.

Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye.

"Akwai gishirin," ta ce, "amma can baya. Za a sha."

Da ruwan nan mutane da dabbobi suka rayu, ana aunawa da kofi, har jirgi ya kawo ruwa daga gaɓa bayan kwana tara. Shayin hunturun nan duk yana da ɗan ɗanɗanon teku, Tade kaɗai ke tambaya ko a ƙara masa gishiri.

Momme ya ƙara shekara goma sha biyu a kan aikin. Na huɗu na nitsewa yake rufewa, kuma ko yayyafi aka yi, sai ya ɗanɗana ruwan indararo kafin ya bar shi ya shiga.