Ranar da Na Ƙi Buɗe wa Kawuna Ƙofa

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a wannan shafin ba. Maganar da zan yi yau shekaru ke nan ina riƙe da ita, saboda a danginmu an mayar da ita abin kunya. To, na gaji da shiru.

Ni Rabi, na yi korona. Mai cewa babu ita ya zo ya faɗa a gabana.

Lokacin kulle ne, cikin azumi. Muna Gyaɗi-Gyaɗi, daga ni sai mahaifiyata. Mijina direban babbar mota ne, rufe hanyoyi ya rutsa da shi a Legas. Inna tana da ciwon suga, ga asma, ga ido ya yi rauni. Ni nake yi mata allurar insulin safe da yamma.

Ranar da aka sassauta don mutane su yi cefane, na shiga kasuwar Tarauni. Cunkoso, kafaɗa da kafaɗa. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓi ya rufe ni. Na ce maleriya ce, na sha magani.

Wata la'asar ina haɗa abin buɗa-baki, Inna ta ɗaga murya daga ɗakinta: "Rabi, albasarki tana ƙonewa!"

Ina tsaye a kan tukunyar. Ban ji warin komai ba.

Na san rashin jin wari alamar korona ce. Ba kaina na tuna ba, ƙirjin Inna na tuna. Na sauke tukunyar, na ɗauki buta da kofi da tabarma, na shige ɗakin da ke kusa da zaure na rufe.

Matsalar ita ce allura. Wa zai yi mata?

Ta taga na koya mata. Tana zaune a tsakar gida nesa da ni, ni kuma baki da hanci a ɗaure. Ba ta ganin lambobin da ke jikin allurar, sai na ce ta riƙa juya kan allurar a hankali tana ƙirga ƙarar da yake yi. Ta ce, "Ke 'yar nan, ba zan iya ba." Na ce, "Inna, kin haifi bakwai. Za ki iya." Ta harari tagar, ta yi bisimilla, ta soka.

Labari ya kai wa Kawu Sule, yayan Inna. Washegari da safe sai ga shi a ƙafa daga Tarauni, da matansa da 'ya'yansa mata, wai sun zo dubiya, kuma su tafi da Inna gidansa. Gidan da ke da mutum sama da ashirin, kullum ana shiga ana fita.

Ya buga ƙofa. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, ba zan buɗe ba."

Ya ce, "Ni kike faɗa wa haka? Wace korona? Ciwon masu hawa jirgi ne zai zo Gyaɗi-Gyaɗi? Buɗe!"

Na ce, "Ko Inna ta ɗauka a wurina ta kai muku, ko ta ɗauka a wurinku. Duk biyun ba na so."

Ya kira ni mara kunya, mara tarbiyya, maƙwabta suna ji. Na yi kuka, amma makullin yana hannuna, kuma ban buɗe ba. Ko yau aka dawo da ranar, ba zan buɗe ba.

Kwana biyu bayan nan numfashi ya fara yi mini wuya. Daga tabarma zuwa banɗaki sai na huta. Ma'aikatan lafiya suka zo cikin fararen kaya, suka zura mana tsinken gwaji a hanci, ni da Inna. Jiran sakamakon ya fi ciwon wahala.

Nawa ya nuna ina da ita. Na Inna babu. Na yi sujada a wurin.

Da motar asibiti ta zo ɗaukata, layinmu kowa ya leƙo ta katanga. Mutum ɗaya ce ta matso, Maman Ladi, maƙwabciyarmu 'yar Kudancin Kaduna, tsohuwar nas. Ta sa takunkumi da safar hannu, ta ce, "Je ki, Rabi. Inna tawa ce har ki dawo."

A wurin killacewa an sa mini iskar oksijin. Kullum a maƙala mini wani ɗan abu a yatsa a duba iskar jinina, a ce in kwanta rub da ciki. Matar gadon da ke kusa da nawa mun gaisa da safe, kafin azahar an ja mata labule, ta rasu. Ranar na tsorata sosai. Likitar da ke duba mu, wadda idonta kawai na sani, ta ce, "Hajiya, ki ci abinci ko ba ki jin ɗanɗano. Aikinki ke nan."

Na ci. Kamar ina tauna takarda, amma na ci.

Sai da aka yi mini gwaji biyu a jere babu cutar, sannan aka sallame ni. Na yi wata biyu ban iya sharar tsakar gida ba tare da haki ba. Wasu suka daina sayen ƙanƙarar da nake sayarwa. Kawu ya shekara bai amsa gaisuwata ba. Ban daina gaishe shi ba, ban kuma ce na yi kuskure ba.

Alhamdulillahi. Na gode wa Maman Ladi, da likitoci da nas-nas da masu sharar da ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Idan kana da tsoho ko mai suga ko asma a gida, kada ka bari mutum ɗaya ne kawai ya iya ba shi magani. A koya wa wani, a koya wa shi kansa. In ka ji alamar ciwo mai yaɗuwa, ware kanka tun kafin sakamako ya fito, kuma kada ka ɓoye. In dangi sun yi fushi, bar su. Fushi yana wucewa.

Inna tana nan lafiya. Yanzu haka tana tsakar gida tana yi mini faɗa, wai na daɗe a kan waya.