Baba Gide, Mai Tura Gadon Asibitinmu

Shekara talatin da biyar, da an sallame sallar asuba Baba Gide yakan kama hanyar babban asibitin gwamnati na yankinmu. Kafin likita ya iso ya riga ya goge gadon nan mai taya, ya ɗiga wa tayoyin mai don kada ƙararsu ta dami masu jinya, ya tsaya da shi a bakin ƙofa. Aikinsa ke nan, ɗaukar wanda ƙafa ta gaza zuwa inda za a duba shi.

Da leburanci ya shigo. A lokacin wurin ɗakin shan magani ne kawai, da malamin asibiti guda. Idan naƙuda ta yi gardama sai a nemi akori-kura a nufi Funtuwa, wata ta kai, wata a juyo da ita daga hanya. Gide na cikin waɗanda suka ɗauki bulon ɗakin haihuwa da na tiyata a ka. Da gini ya ƙare leburori suka watse, shi aka ce ya tsaya. A kan idonsa asibitin ya zama inda Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke kawo ciwonsu. A shekarun nan na rashin tsaro, da aka riƙa kawo masu raunin harbi a bayan motar hatsi, hannunsa ne yake fara taɓa su.

Sista Alheri, shugabar ɗakin haihuwa, ita ta ba mu labarin Hajaratu ta Ruwan Godiya. An kawo ta ranar kasuwar 'Yankara, ta haifi tagwaye, jini ya ɓalle mata. Aka gwada na mijinta Mas'udu, bai dace ba. Yana tsaye yana salati Gide ya jingine gado ya naɗe hannun riga.

"Sista, a ɗibi nawa. Ai kin san yana shiga ma kowa."

"Baba, wata huɗu ke nan da ka ba da."

"To ya dawo. Ɗiyar mutane ce kwance."

Tagwayen yau suna aji uku a firamare, uwarsu ce ke yi masu wanka.

Amma in ka zauna da Gide, ba wannan yake tunawa ba. Daminar bara aka kawo wata daga Daudawa cikin irin wannan hali. Ya je ɗakin gwaji kamar kullum, mai gwajin ya riƙe masa hannu ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Shekaru sun ja, jinin naka ma ya yi ƙasa." Gide ya fita da sassarfa. Ya roƙi masu shayi na bakin asibiti, ya roƙi masu zaman jinya. Wani ya ce lokacin noma ne, in aka zuƙe shi wa zai riƙe mashi fartanya? Sai a tasha, bayan ya durƙusa, 'yan acaɓa biyu suka biyo shi. Suna shigowa suka tarar an ja mata zane. Shi ya tura ta zuwa mota da hannunsa.

"Da tashar na fara zuwa," in ji shi, har yau. "Da na fara da can, da halan an same ta."

Baba, ba kai ka makara ba, mu ne. Kai ne ka ɗauki iyayenmu ba ka toshe hanci ba. Kai ne kake sunkuyawa ka ce wa tsohon da ke tsoron tiyata, "Ni zan kai ka, ni zan maido ka, in Allah ya so." Mun haddace sunayen likitoci, har waɗanda suka yi wata shida suka tafi. Kai kuwa sai dai mu ɗaga murya, "Ina mai gadon nan?"

Watan jiya ya ajiye aiki. Ba mu taru ba, ba mu ma sani ba. Sai da Mas'udu ya zo masa da tiyar dawa asibiti, aka ce ai yana gida, gwiwa ta hana shi ko zuwa masallacin Juma'a sai an ɗauko shi a babur.

Mun gode, Baba Gide, ko da godiyar ta zo a makare. Allah ya ba ka lafiya, ya sa abin da ka yi ya tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Jama'a kuma, gidansa ba ɓoyayye ba ne, a je a gaishe shi tun yana jin gaisuwa. Duk mai ƙoshin lafiya ya taka zuwa ɗakin gwaji da ƙafarsa ya ba da jini, kada ya jira sai wani dattijo ya zo ya durƙusa masa a tasha.