Zauren Kawu Ya Shiga Fim

Muna da wani darakta a Ƙonni wanda ba ya shiri da zamani. In zai ɗauki fim, sai an kwashe bokitan roba, an ɓoye babura, an sa mata daka a turmi alhali injin niƙa yana ƙugi a bayan katanga. Shi kuwa gidan siminti gare shi, har da na'urar sanyi.

Shekarar da ya ce saura fim ɗaya ya ajiye sana'a, fadarmu ta bakin tasha ta samu abin haɗawa da shayi. Wani ya ce labarin fataken gishiri ne. Wani ya rantse na 'yan kokowar da ne, don an ga daraktan yana taya tsofaffin layu a kasuwar Illela. Ni na ce ko mene ne, ba za a gane shi ba sai ya tsaya ya yi bayani, kamar sauran finafinansa.

Mu surutu muke yi, amma kawuna na garin Dogarawa da gaske ya ɗauki abin. Yana da zauren ƙasa wanda mahaifinsa ya gina, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka sai ya yi masa yaɓe da hannunsa. Daraktan ya bi ta wurin da bazara, ya shafa bango, ya lumshe ido.

"Baba, kada a taɓa zauren ga," in ji shi. "Ko yaɓe kada a yi. Tsagewag ga ita nika so."

Bai faɗi labarin ba, kawu ne ya ƙarasa wa kansa. Zaure irin wannan ai na maigari ne, kuma wa zai hau kujerar maigari in ba mai zaure ba? Ya fito da rawani daga adaka, ya fara amsa gaisuwa da ƙasaita.

Da gajimare ya fara taruwa, matarsa ta ce, "Malam, a kwaɓa ƙasa tun ba mu ji kunya ba."

"Ke mi kinka sani ga harkar fim?" in ji kawu.

Ni ma na je na roƙe shi. Ya ce da ni mu 'yan boko hassada ke kashe mu. Na ji haushi, na koma Ƙonni.

Ruwa ya sauka, darakta bai zo ba. Tsakiyar damina rufin ya zube da hantsi, Allah ya sa ba kowa a ciki. Da na je, na tarar da kawu yana tsintar azara a cikin laka. Duk haushina ya koma tausayi.

Sai bayan girbi daraktan ya iso da kayan aikinsa. Muna jiran ya ba da haƙuri, sai ya ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Haka nika son shi!"

Ashe duk fadarmu ba wanda ya canka. Fim ɗin na kufai ne, garin da mutanensa suka watse.

Kawu ya naɗa rawaninsa duk da haka, ya je ya tsaya inda ƙofar zauren take a da. Daraktan ya leƙa kyamara, ya ɗago kai.

"Baba, ɗan gusa can. Garin ga ba kowa cikinai."