Taswirar da Na Zana wa Maƙwabciyata

Ni ba na ɓoye halina. Shekarar da kamfanin injin ban-ruwa ya zo neman wurin zama a unguwarmu a Garwa ta Kamaru, na yi hassada.

Wani mutumin Kudu ne ya zo, da jakar takardu a hammata. Ya ce shi ne wakilin wani kamfanin ƙetare mai ƙera injinan da manoman shinkafa na Lagdo ke so. Wai ba shago za su buɗe ba, ofishin wakilci ne, ba saye ba sayarwa, a dai karɓi baƙi a aika labari can ƙasarsu. Ɗaki ɗaya mai kallon titi yake nema. A layinmu biyu ne irinsa, nawa da na maƙwabciyata, wadda tun muna amare muke ƙyafa kifi katanga ɗaya.

Nawa ya fara gani, kuma shi ya fi so. Har na hango allon kamfani a katangata. Sai ya ce, "Mama, ina takardar gidan?"

Na ce, "Wace takarda? Marigayi maigidana a gaban lawan mai unguwa ya saya, da shaidu, aka raba goro. Duk unguwa ta sani."

Ya ce, "Mama, goro ba ya shiga dosiye."

Dosiye shi ne tarin takardun da ake kai wa hukuma. Ya ce dole a sa yarjejeniyar haya a ciki, ita kuma sai da shaidar mallaka. Ya tsallaka gidan maƙwabciyata. Mijinta akawu ne a zamaninsa, ya yi wa gidan takarda tun tuni. Ta ciro ta daga ƙasan kwalla, cikin zannuwa, ta miƙa masa a juye. A juye fa! Ni da na haura hamsin na shiga ajin manya, na sha dariyar 'yan layi har na iya karatu, ina tsaye ina kallo wadda ba ta san alif ba ta ɗauke kamfani.

Kwana biyu sai ga ta. "Yaya, ke da kika yi boko, zo ki duba min, kada su sayar da ni ban sani ba."

Na ce, "Wa zai saye ki? Ko kyauta sai an yi shawara."

Na dai je. Faransancina na tuntuɓe ne, amma wakilin yana bayani ina bi da yatsa. Akwai takardar haihuwar kamfanin daga ƙasarsu, akwai wadda manyansu suka sa hannu cewa sun yarda a buɗe ofis a nan, akwai wadda ta ce shi ne bakinsu. Duk an juya su Faransanci, an buga hatimi kan hatimi. Daga nan sai wurin noter, mai shaida takardu, sai rajista a kotu, sai ofishin haraji su ba da lamba. Ni na nuna mata inda za ta dangwala yatsa.

Saura abu ɗaya. Tunda layukanmu ba su da suna, ofishin haraji na son taswira ta hannu, yadda ma'aikacinsu zai zo ya ga wurin da idonsa. Wakilin bai san unguwa ba, ita kuma ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Aka miƙo mini alƙalamin.

Mu nan da gidajen mutane muke kwatance. Na zana babban titi, na zana masallaci, na zana mahauta. Da na zo kan gidana sai hannu ya bi zuciya. Na yi shi ƙato, da ƙofarsa, da bishiyar darbejiya, na rubuta gidan mai kifi. Nata na ɗan maƙala a gefe kamar akurki, na sa alamar ofis ƙanƙanuwa. Wakilin yana sauri, ya naɗe ya sa a jaka.

Bayan makonni, da hantsi, babur ya tsaya a ƙofata. Ma'aikacin haraji ne, da taswirata a hannu, hayaƙin kifi ya turnuƙe shi yana tari. Yana Faransanci yana haɗawa da Fillanci, yana ce mini Dada, wato uwa. "Dada, nan ne ofishin kamfani?"

Wakilin ya tafi Yawunde. Maƙwabciyata ta tafi ta'aziyya ƙauye. Na tambaye shi, in bai ga ofis ba fa? Ya ce sai ya rubuta babu shi a wannan adireshin, dosiye ya koma baya, masu kamfanin kuma wataƙila su nemi wani wuri.

Ba sai na yi ƙarya ba ma. In na ce nan ba ofis ba ne, gaskiya na faɗa, ya hau babur ɗinsa.

Makullinta yana ɗaure a bakin zanena, don ba ta taɓa tafiya ba ta bar mini ba. Na kwance shi na ce, "Biyo ni."

Na buɗe masa ɗakin. Ya ga tebur, ya ga kujeru, ya sa hannu. Ya sake duba takardar ya ce, "Wa ya zana wannan?"

Na ce ni ce.

Ya ce, "Dada, gidanki ya fi masallaci girma."

Na ce, "Kai dai ka ga ofis ko ba ka gani ba?"

Aka kafa allo a katangarta, shuɗi da fari. Ta aiko mini da turmin atamfa, tana gaya wa mutane ba don Yaya ba da kamfani ya tafi. Na karɓa na ɗinka, ban gyara mata zancen ba. A cikin wannan satin na je wurin lawan na tambayi yadda ake yi wa gida takarda. Har yau ana yawo da ni daga wannan ofis zuwa wancan, kuma ba wani kamfanin da ya sake leƙo layinmu. Duk safiya in na ga tana yayyafa ruwa a gaban ofishin, da sabon mayafi, sai na ƙara wa wutar kifi itace ɗanye, hayaƙi ya bi ta wajenta.