Ƙoƙon da Ka Miƙa a Prague

Allah da ya ba mu aron rai ya karɓi abinsa. Mijina, Aníbal Zanuttini, ya rasu ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, a gidanmu da ke Concordia. Yana cikin lambu yana ɗaure reshen lemon da iska ta karya, sai zuciyarsa ta tsaya. Washegari muka kai shi makwancinsa, cikin sanyi da yayyafi.

Aníbal, 'yarmu Silvina ce ta matsa mini in rubuta wani abu a sa a takardar cocinmu. Ka san ba na son yabon da ake tara wa mamaci alhali ba a yi masa shi yana raye ba. Abin da na gani da idona zan faɗa, kuma da kai nake magana, domin tun da ka tafi babu mai amsa mini a gidan nan sai rediyo.

Rabin rayuwarka a bayan sitiyarin bas ka yi shi, tsakanin gari da ƙauyukan gonakin lemo. Ba ka taɓa yarda cewa tsohuwa mai kaya sai ta taka zuwa tasha ba. A ƙofar gidanta kake tsayawa, ko da fasinjoji suna gunaguni. Ran da wani ɗan ƙodago daga arewa ya yi barci a kujerar baya har ya wuce gonar da za shi, ba ka sauke shi a titi ba, ka kawo mini shi gida da jakarsa da ƙurarsa. Na yi faɗa, domin gida mai 'ya mace ba masaukin baƙin da ba a sani ba ne. Ka tsaya kana saurare har na gama, sannan ka ce, “To, tsohuwa, taliya za ki dafa masa ko shinkafa?” Taliya na dafa. Mutumin nan ya zo jana'izarka, gashinsa ya yi fari, ya tsaya can baya da hularsa a hannu.

Abu ɗaya ne ba ka iya ba, tsawata wa yaro. Ni na ɗauki wannan aikin, kuma ba na nadama, domin gidan da babu mai cewa a'a ba ya tsayawa. Lokacin da aiki ya yi wuya a ƙasar nan, ɗanmu Gastón ya tafi Turai kamar yadda 'ya'yan mutane da yawa suka tafi. Ya zauna a Prague, ya haɗu da wata 'yar can mai suna Jitka, suka kama gida ɗaya ba tare da sun tsaya gaban Fada a coci ba. Na gaya masa a waya cewa ba haka na rene shi ba, kuma ba zan san wata mace a matsayin matarsa ba sai an ɗaura aure a gaban Allah. Shi ma ya faɗi nasa. Daga nan shekaru suka yi ta wucewa, kai kaɗai kake magana da shi. Nakan tsaya a ɗakin girki ina wanke kwanon da na riga na wanke, ina jin dariyarka. In ka ajiye waya sai ka ce wa bango, da ƙarfi, yaron lafiyarsa ƙalau, ya ɗan yi ƙiba.

Bara ka shigo da takardar wani kamfanin yawon buɗe ido da ke kai tsofaffi tsoffin biranen Turai. Ka ce kafin gwiwoyinmu su ƙi mu, mu je in ga coci-cocin nan da nake rataya hotunansu a kalanda. Na karanta sunayen: Roma, Florence, Vienna. Na ga na ƙarshe: Prague. Na tambaye ka ko ka ɗauka ban iya karatu ba ne.

Ka ce, “Hanyar ce ta bi ta can. Ni direba ne, ba ni na zana taswira ba.”

Na haɗa kayana. Kai kuwa rabin akwatinka ganyen mate ne, shayin nan namu mai ɗaci da ake zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya ana zuƙa, sai ƙoƙonka da bututun ƙarfensa da filas ɗin nan mai tsatsa a gindi, wanda na roƙe ka ka bari a gida.

A Roma na durƙusa a babban cocin da na yi shekaru ina mafarkin gani, na ɗaga kai na ga dubban mutane, kowa ya ɗaga waya sama, ba mai addu'a ko ɗaya. Ɗakin Allah ya zama kasuwar kallo. Kai ko ciki ba ka shiga ba. Mai gadi ya ce ba a shiga da filas, ka ƙi barin sa a hannun baƙo, ka zauna a matakala ka ce in yi maka taka addu'ar, Allah ya fi sanin muryata. Da na fito na tarar da kai da wani tsoho mai shara kuna hira da hannu, ya ɗanɗana maten ya ɓata fuska, kuna ta dariya.

A Florence aka tsayar da mu gaban wani ƙaton gunkin dutse tsirara, mata da 'yan mata suna ta ɗaukar hoto ba kunya. Na juya baya na faɗi abin da ya kamata a faɗa. Ka raɗa mini, “Tsohuwa, mutumin nan ya fi shekara ɗari biyar a tsaye ba wando, ba yau za ki gyara shi ba.” A doguwar motar da ke ɗauke da mu kullum kana kujerar gaba kusa da direba. Ba ku da kalma ɗaya da kuka haɗa, amma kafin mu ƙetare duwatsu ya nuna maka hotunan jikokinsa, kai kuma ka nuna masa yadda ake shan kwana da tsohuwar bas a cikin laka.

Vienna ce ta yi mini nauyi. Gari mai tsabta, fadoji masu rufin zinariya, ko takarda ba ka gani a ƙasa. Muka shiga wani gidan shan kofi mai madubai, na ga kowane tebur mutum ɗaya, ko biyu da ba sa duban juna. Ka daɗe kana kallonsu, sannan ka ce ƙasa ce mai kyau, amma kowa da kofinsa. Na san wanda kake tunani, ni ma shi nake tunani: a cikin irin waɗannan mutane yaron da ya tashi a tsakar gida mai hayaniya yake tsufa.

A Prague, da sauran suka tafi kallon tsohon agogon dandali, ka tsayar da tasi ka miƙa wa direba adireshi. Na shiga, amma na gaya maka gaisuwa kawai zan yi in fito. Gastón ya buɗe ƙofa da furfura a gefen kansa. Ban shirya ganin wannan ba. Bayansa ga ta tsaye, doguwa, siririya, ta toya waina irin tasu mai ɗanɗanon tuffa. Na ba ta hannu, ban ba ta kumatu ta sumbata ba yadda muke gaisawa da na gida. Muka zauna a ɗan ƙaramin falo, jakata a kan cinyata.

Sai ka ce a ɗora maka ruwa, kada ya tafasa. Gastón ya ce babu ganye a gidan, ya daɗe da daina sha.

“Da wa zan sha, Baba?”

Ka fito da naka. Ka cika ƙoƙo, ka sha na farko mai ɗaci kamar yadda mai zubawa yake yi, ka ba ni, ka ba Gastón. Ya riƙe shi da hannu biyu ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ka miƙa mata. Ta shanye har ƙasa, ko fuska ba ta ɓata ba, ta mayar maka, ta dube ka ta ce da harshenmu, a hankali, kamar wadda ta yi kwanaki tana bitar kalmar: “Na gode.”

Kowa a ƙasarmu ya sani ba a godiya a kan mate sai an ƙoshi. Wanda ya mayar da ƙoƙo ya ce na gode, cewa ya yi a cire shi daga zagayen. Wanda kuwa ya faɗe ta a ƙoƙon farko, daga hannun dattijon da ya ƙetare teku ya zo gidansa, ya gaya masa ba ya son zama da shi ke nan. Haka aka rene ni, haka na ji ta. Na miƙe da jakata. Na ga fuskar Gastón ta canja, ya buɗe baki zai yi magana, kuma na san in ya yi magana ni ma zan yi, kuma abin da za mu faɗa a ranar ba zai gyaru ba har abada.

Kai ba ka dubi kowa ba. Ka sake zuba ruwa, ka tsallake ni, ka tsallake ɗanka, ka sake miƙa mata, abin da ban taɓa ganin ka yi ba. Ta shanye, ta sake cewa na gode. Ka sake cikawa. Sannan ka ce wa Gastón ya fassara mata kalma da kalma, kada ya rage komai:

“Gaya mata tun ina saurayi nake zuba wa matar nan, ban taɓa jin na gode daga bakinta ba sai in tana so ta kore ni. Yau na samu 'ya mai tarbiyya. Wannan ƙoƙon nata ne har ruwan ya ƙare.”

Gastón ya fassara, sannan ya bayyana mata abin da kalmar take nufi a wurinmu. Yarinyar ta yi ja har wuya, ta rufe baki da hannu, ta dube ni da ido cike da hawaye tana girgiza kai. Ka ce mini, ba tare da ka ɗaga murya ba, “Zauna, tsohuwa, layi ya zo kanki.” Na zauna. Ban yi dariya ba, amma na karɓi ƙoƙon, da ɗuminsa daga hannunta.

Washegari mu huɗu muka bi ta tsohuwar gadar dutse mai gumakan waliyyai. Kai da ita kuna gaba, tana nuna maka hasumiyoyi, kana gyaɗa kai kamar kana fahimta. Duwatsun hanyar suna da santsi, Gastón ya kama hannuna, na bar shi. Ba mu yi maganar aure ba, ba mu yi maganar shekarun da suka wuce ba. Ya tambaye ni ko itacen lemon yana nan. A duk biranen da aka kai mu, wannan 'yar tafiyar ce kaɗai nake iya tunawa daga farko har ƙarshe.

Bayan mun dawo nakan karɓi waya in gaisa da Gastón. Ita kuwa kai kake gaisawa da ita, kana kiran ta 'yata, kuna haɗa kalmomi kamar masu koyon magana. Ni ban taɓa kiran sunanta ba, kai kuma ba ka taɓa matsa mini ba. Kai ne kake tsaye tsakaninmu, kuma ban lura da yawan nauyin da kake ɗauke da shi ba sai da aka sauke ka a ƙasa.

Gastón bai samu jana'izarka ba, hanya ta yi nisa. Ya iso bayan an rufe ka, shi kaɗai. Ya ce ta so ta zo, har ta haɗa kaya, sannan ta ce ba ta san ko akwai kujerarta a gidan makoki ba. Ya yi 'yan kwanaki, ya ƙarasa ɗaure reshen da ka bari, ya kwana a tsohon ɗakinsa. Ran da zai koma na raka shi tasha. Ya sa ƙafa a matakalar bas, ya juyo ya ce, “Mama, yanzu da Baba ba ya nan, in zan zo, ni kaɗai zan riƙa zuwa ko mu biyu?” Direba ya danna ham. Ban ba shi amsa ba, motar ta tashi. Na san ɗana: in na ce shi kaɗai, zai zo sau ɗaya ko sau biyu don kunya, daga nan sai waya, daga nan sai shiru.

Na koma gida na tarar da kujerarka inda ka bar ta. Da safe ina ɗora ruwa daidai na mutum biyu, rabi ya huce a filas. Silvina tana zuwa ran Lahadi da yaranta, amma tana da nata gidan, kuma haka ya kamata. Ku matasa da za ku karanta wannan, ku da kuke tsammanin iyaye suna nan kullum kamar tsoffin biranen can da ake zuwa kallo in an samu hutu, ku sani mutum ba gini ba ne, ba ya jiran kowa.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Aníbal. Ka yafe masa kurakuransa, ka saka masa da alherin da ya yi wa na gida da na hanya, ka ba shi hutawa ta har abada cikin haskenka. Ka ba ni haƙurin zama a gidan da babu shi, har ranar da za ka kira ni.

Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwarsa Teresita, wadda yanzu ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ga 'yarmu Silvina da mijinta da jikokinmu. Ga tsoffin abokan aikinsa da suka ɗauki akwatinsa a kafaɗa. Ga ɗanmu Gastón. Maganar coci tana nan, ban janye ta ba, kuma zan ci gaba da faɗin ta muddin ina numfashi. Amma ina miƙa ta'aziyyata ga Jitka, surukar marigayi, wadda ta rasa uba kamar yadda 'ya'yana suka rasa. Silvina za ta aika muku da wannan takarda. Gastón, ka fassara mata kalma da kalma, kada ka rage komai. Ku zo ku biyu.

Nélida Arrieta de Zanuttini
Concordia