Gibin da Oga Sani Ya Cinye

Har yau ban manta ranar da Oga Sani ya zo shagon Kawu Bello a Mabera yana neman ƙarin baƙin tayil ba. Lokacin ina aji biyar a sakandare, ina taya Kawu aiki a dogon hutu. Aikina ƙulla sifesa a leda, wato 'yan robobin nan masu kama da alamar tarawa da ake sa wa tsakanin tayil don layi ya miƙe.

Da yawan zama kusa da tayil ɗin da aka jera na talla, na lura da wani abu. Duk jeri, gibi yana kasa tayil da ɗaya: tayil goma, gibi tara. Gibi ɗaya bai kai kaurin ashana biyu ba, amma in ka tara su daga bango zuwa bango, sai su ci wuri kamar faɗin yatsu.

Kawu ne ya haɗa Oga Sani da Hajiya Luba, babbar mai sayen kayanmu, don ya yi mata falo a Runjin Sambo. Oga, mai biro a kunne da tef a ƙugu, ya auna falon, ya raba da faɗin tayil, ya yanke na gefe duka tun kafin ya kwaɓa siminti. Gibi bai shiga lissafinsa ba. Da ya iso bango, yankakkun suka ƙi shiga. Shi ne ya zo mana neman ƙari, irin tayil ɗin kuwa ya ƙare a shago.

Na ce a hankali, idona a ƙasa, "Oga, a sake rage na gefen mana."

Ya dubi Kawu. "Bello, ɗiyar taka ta hwara koya mani wanga aiki? Tun ba a haihe ta ba nike sa tayil."

Kawu ya yi dariyar kunya, ya ce in shiga ciki.

Oga ya koma ya ɗaga tayil ɗin da ya sa jiya, ya cire sifesa duka, ya matse tayil baki da baki. Komai ya shiga, har yana ɗaukar hoto.

Watan Afrilu, da zafi ya kai zafi, tayil ya buɗe ya rasa wurin motsi. Tsakiyar falon ta ɗaga ta fashe, Hajiya na zaune da baƙi. Oga ya je ya duba, ya dafa ƙugu, ya ce, "Hajiya, jabun kaya anka sai miki."

Ba ta sake taka shagonmu ba. Shi kuwa ta ba shi aikin cirewa.

A nan na gane sana'ar nan: mai ɓata aiki da babbar murya, shi ake kira gyara.