Jirgin Malam a Tafkin Agiye

Shekarar da maigidana ya bar koyarwa a lakol ya ga jirgin ƙarƙashin teku a salula, daga ranar kuma gwangwani bai sake kwana a madafata ba. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin bayan gari ba ya lanƙwasa gwangwanaye, ya like su da dalma, ya yi jirgi mai tsawon kamu ɗaya. Ya kuma faɗa wa abokan fadarsa ta shan shayi cewa zai nutse ya taso da kansa. Shekara talatin ba a musa masa magana a garin nan, mutuncinsa kacokan ya ɗora a kan gwangwanin tumatir.

Gangar jikin ba ta ɗauke shi mako ba. Adon jirgin ne ya ci wata huɗu. A hoton ya ga layin kawunan ƙusoshi, sai ya ɗauke basillata yana dannawa ɗaya bayan ɗaya, yana gwadawa da tsinken tsintsiya. In ɗigo guda ya kauce, a ɓalle ɓangaren a sake. Tuwo ya huce, ni in cika in batse.

'Yan fada ma kowa ya zama masanin teku. Tsohon direban motar Cadawa, da ke kiran sa Mushe irin na malaman lakol, ya ce, "Mushe, wanga jirgi ina za a aza kaya?" Aka yi masa karaga a bisa, har da tsani na waya. Ladan ya tausaya wa mutanen ciki saboda zafi, aka zana tagogi, aka sa musu ƙyaure kamar farcen jariri.

Na ɗaga wani ɓangare a rana, na ga haske yana ratsa ɗigon nan kamar rariya. Na ce, "Malam, basillar fa ta huda." Ya ce, "Ke mi kika sani ga jirgi?" Na koma wa tukunyata.

Da damina ta cika tafki, fada ta kwashi jiki da jirgin zuwa bakin ruwa bayan la'asar, mu mata muna hange daga nesa. Jirgin ya yi kumfa ya nutse, aka yi kabbara. Aka zauna jiran tasowa. Har aka kira magariba ruwa ko motsi, mutane suka zame ɗaya ɗaya. Da na ga Malam tsaye shi kaɗai, riƙe da takalmansa, duk haushina ya tafi, tausayi ya kama ni. Wata bakwai bai leƙa fada ba.

Da rani tafki ya ƙafe, masu bugun tubali suka tono jirgin cikin laka. Malam ya wanke shi da buroshin haƙori, ya miƙe tsanin, ya sa babbar riga, ya kai shi fada ya dire kusa da butar shayi.

"Na ce zai fito," in ji shi. "Wa ya ji na faɗi rana?"

Aka matsa masa a tabarma. Basillata dai har yau ba ta dawo ba.